Hatimin Kwamanda

Uwajima, 24 ga Janairu, 1993

Zuwa ga Yaya Kinuyo,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan sanyin bana bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Mu nan iskar teku ce ke ta kaɗawa, lemo kuwa ya yi yawa har kyauta ake yi da shi. Na aiko miki da kwali ɗaya, idan ya iso ki fara da na ƙasa, su ne ke saurin lalacewa. Matata Harue tana gaishe ki.

Bayan haka, Yaya, an yi mini abin da ban taɓa zato ba, kuma idan ban faɗa wa wani ba cikina zai fashe.

Kin san majalisar 'yan sikawut ta lardinmu tana ba da lambar yabo ta hidima kowace shekara, mutum ɗaya daga kowace gunduma. Ba a bai wa wanda ya sauka, sai wanda ke kan aiki. Ni kuwa ƙarshen Maris zan cika sittin da biyar in ajiye runduna. Shekara talatin da huɗu ina kwamandan runduna ta uku. Ba yabon kai ba, ko makaho ya shafa ya san bana tawa ce, kuma in ta wuce ni bana ta wuce ke nan.

Ranar Laraba sai ga sabon sakataren gunduma, wani Ebihara, injiniya ne da ya yi shekara goma sha takwas yana aiki a ƙasar waje, bai daɗe da dawowa ba. Ya zauna, Harue ta kawo shayi da awara, ya ce, "Kwamanda, kwamiti yana son ya sa sunanka bana."

To Yaya, me mutum mai tarbiyya zai ce? Na sunkuyar da kai na ce, "Haba, ni wa? Ai ban yi wani abin a zo a gani ba. Akwai waɗanda suka fi ni, ga irin su Mikuriya nan." Sunan Sadao ne kawai ya faɗo bakina, don awararsa ce a kan faranti. Na ɗauki shayina ina kurɓa, ina jiran ya sake roƙo in sake ƙi, ya yi na uku in ce to tunda kun matsa. Haka aka yi wa kowa tun da aka ƙirƙiro lambar nan. Marigayi Kwamanda Doi ma sai da aka yi masa sau huɗu.

Sai mutumin nan ya zaro biro. Ya ce, "Mikuriya Sadao, ko? Kai, wannan halin girma ne, Kwamanda." Ya rubuta, ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya sa takalmi ya tafi. Na raka shi har bakin titi ko zai waiwayo. Alhamis da Juma'a ban leƙa ko ƙofar gida ba, wai kada ya dawo ya tarar ba na nan. Ranar Asabar sai ga takarda: kwamiti ya karɓi shawarata hannu bibbiyu.

Shawarata! Sadao fa, Yaya. Sadao mai awara, wanda yara ke kira Mai Tukunya. Abokina ne tun muna firamare, ban musa ba. Shekara talatin da ɗaya yana bin mu sansani yana dafa wa yara shinkafa, wannan ma ban musa ba. Amma mutumin da har yau bai iya ƙullin igiyar ceto ba? Mutumin da in aka ce a juya dama a fareti sai ya ci karo da na kusa da shi? Ni na sauko da yara ashirin da takwas daga kan dutse a cikin guguwar shekarar saba'in da shida, ba wanda ya yi ko ƙwarzane, har jarida ta buga hotona. Shi a ranar tukunya ya goyo.

Ban ce wa Harue komai ba, amma ta sani, don tun watan jiya na kafa ƙusa a bangon ɗakin baƙi inda zan rataye takardar yabon. Yanzu duk sanda na wuce sai in ga kamar ƙusar nan tana kallona.

Ƙyashi nake yi, Yaya. Na faɗa. Da furfurata da komai, ƙyashin mai awara nake yi, har abinci ba ya yi mini daɗi.

Ki huta lafiya, ki riƙa sa safa mai kauri.

Ƙanenki,
Tokuji


Osaka, 1 ga Fabrairu

Toku,

Lemo ya iso, uku sun ruɓe, sauran sun yi zaƙi. Na gode. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Ka gaishe mini da Harue, ka ce ina yi mata sannu da zama da kai.

Wasiƙarka sau biyu na karanta. Na farko na yi dariya har matar ɗana ta leƙo ta ga ko lafiya. Na biyu na ji tausayinka, amma kaɗan.

Kai dai hali zanen dutse. Ka tuna ranar sabuwar shekara da Goggo ta miƙo maka wainar shinkafa ta ƙarshe ka ce ka ƙoshi, ni kuwa na sa hannu na cinye? Kwana biyu ka yi ba ka yi mini magana ba. Kana son abu, kana kuma son a ce ba ka so, sai an bi ka ana lallashi. To ga shi ka gamu da wanda bai san rawar ba, ya bar ka kai kaɗai a tsakiyar fili.

Ba na cewa ba ka cancanta ba. Ka cancanta, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ya zo ya same ni. Ni na san Asabar da Lahadi nawa Harue ta yi ita kaɗai a gida kana can kana koya wa 'ya'yan mutane hura wuta. Amma kai ka ambaci sunan nan da bakinka, ba wanda ya shaƙe ka. Ka ce don awara ce a kan faranti. Ban yarda ba. Na san gidanka a watan Janairu, tabbas akwai lemo a kan teburin, me ya hana ka ambaci mai gonar lemo?

Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka sa rigarka ka je wurin Ebihara ka buɗe baki ka ce masa, "Ina so." Kalma biyu ce, ba ta taɓa kashe kowa ba. Ko kuwa ka ɗauko guduma ka zare ƙusa ka kama bakinka. Na san ba za ka yi ko ɗaya ba, zama za ka yi kana kumbura kamar wake a ruwa.

Wata tambaya. Yaran nan ashirin da takwas, da suka sauko daga dutsen, me suka ci? Jarida ba ta faɗa ba.

Ka kula da kanka, ka ci abinci.

Yayarka,
Kinuyo


Uwajima, 12 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Kinuyo,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da yaran. Sanyi ya ɗan sassauta, ni ne dai ban sassauta ba.

In je in ce "ina so"? Ni? Gara in faɗa teku da takalmina. Ke kin daɗe a Osaka, inda mutum ke tambayar kuɗin rigar da ke jikinka. Nan kuwa kafin in dawo gida labarin ya riga ni.

Abin ma ya ƙara lalacewa. An aiko mini da takardar shaida. Wai tunda ni na ba da sunan, ni zan buga hatimina a kai kafin ƙarshen watan nan, in ba haka ba gundumarmu ba ta da kowa bana. Kuma ni zan maƙala masa lambar a ƙirji ranar ashirin da ɗaya ga Maris a Matsuyama, in yi jawabin minti biyar a kan halayensa na gari. An yanka ni, an ce in riƙe kwanon tarar jini.

Gari kuwa ya ɗauka. Na je aski, mai askin ya ce, "Kwamanda, samun irinku sai an tona, a kawo wa mutum girma har gida ya miƙa wa abokinsa!" Na ce ai ba komai. Da wane baki zan ce da komai? Shekaranjiya na hango shagon Sadao daga nesa, tsofaffin yaranmu sun yi cincirindo suna yi masa murna. Har da Likita Ono, wanda ni na koya masa ɗaurin karaya tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya riƙo ƙaton jan kifi a nannaɗe zai kai masa. Na juya na bi ta bayan haikali. Tun ranar ban sake bin layin ba. Awarar kanti muke ci yanzu, kamar mutum yana tauna soso.

Amma ga wadda ta fi ƙona mini rai. Ashe dattawan kwamiti sun ja kunnen Ebihara, sun koya masa yadda ake yi. Da ya je wurin Sadao sau uku ya roƙa. Sau uku, Yaya! Da ni ya koyi aiki, Sadao ya ci moriya.

To na yanke shawara. Shekara arba'in na yi a gidan waya, na san yadda hatimi ke magana. In ka buga shi a tsaye, ka gani ka yarda. In ka ɗan karkatar da shi wajen sunan wani, ka rusuna masa ke nan, na ƙasa ke yi wa na sama. In kuwa ka kifa shi kai ƙasa, ka ce an tilasta ka ne, ba da son ranka ba. Zan buga, ba zan hana gunduma rabonta ba. Amma kai ƙasa zan buga shi. Ebihara ba zai gane ba, dattawan kuwa za su karanta tsaf. Sadao ya sami lambarsa, su kuma su san yadda aka yi.

Tambayarki ta abin da yara suka ci, ban ga abin da ya kawo ta ba. Shinkafa mana.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Tokuji


Osaka, 16 ga Fabrairu

Toku,

Ina gaisuwa. Wannan takardar za ta zauna a ofis bayan ni da kai da Sadao duk mun mutu, jikokinsa su je su gani. In ka kifa hatimin nan, kada ka sake aiko mini da lemo.

Shinkafar ita ta dafa kanta?

Kinuyo


Uwajima, 20 ga Fabrairu

Zuwa ga Kwamanda Hamaoka Tokuji,

Ina miƙa gaisuwa cikin girmamawa. Itatuwan bayan haikali sun fara fure, ina fatan kai da uwargida kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannuna ya fi sabawa da wuƙar yanka awara. Tsakanin gidana da naka tafiyar minti bakwai ce, amma tunda ka daina bi ta layinmu, na ce bari in biyo ta gidan waya, na san ba ka taɓa mayar da wasiƙa ba.

Toku. Bari in kira ka yadda nake kiranka kafin ka zama kwamanda.

Na sani. Tun da Ebihara ya ce kai ka ba da sunana na gane yadda aka yi. Shekara hamsin da takwas na san ka. Ka faɗi sunana ne kamar yadda ake ce wa baƙo ya ƙara zama alhali an fara jin barci. Na kuma san bana ce ta ƙarshe gare ka. Da ya roƙa na farko, da gaske na ƙi. Na biyu, rabi da rabi. Na uku abin da ya kamata in ce shi ne, "Koma wurin Kwamanda, saura biyu yake binka." Maganar tana kan harshena, na haɗiye ta. Na ce to.

Na so abin ne, Toku. Ba wani dalili.

Kai ba ka sani ba, amma shekara talatin da ɗaya ke nan ina ƙyashinka. In muna tafiya tare a kasuwa, yaran da suka zama magidanta sukan tsaya su ƙame su ce, "Kwamanda!" Ni kuwa su dafa kafaɗata su ce, "Baba Mai Tukunya, akwai ƙari?" Nakan yi dariya. Ba kullum dariyar ke kaiwa ciki ba.

Ka tuna ranar guguwa. Ka ce in jefar da tukunya, nauyi ce. Ban jefar ba, don akwai dafaffiyar shinkafa a ciki, kuma ban san awa nawa za mu yi a makarantar da muka fake ba. Kai ka sauko da su, wannan ba wanda zai ƙwace maka, da ni ne a gaba da yanzu muna cikin kwazazzabo. Ni dai dunƙula shinkafa na yi ta yi da gishiri har tafin hannuna ya yi ja. Da mai ɗaukar hoton jarida ya zo washegari, sai ya ce, "Mai tukunya, ɗan matsa gefe." Na matsa. In ka duba hoton da ke ɗakinka, can gefen dama, akwai gwiwar hannu. Tawa ce. Marigayiya Yoshie ta yanke hoton daga jarida, ta zagaye gwiwar da jan biro, ta riƙa nuna wa 'yan'uwanta tana cewa ga mijina nan. Yana nan har yanzu kusa da hotonta, inda nake kunna mata turare. Da Ebihara ya roƙa na uku, wurin nake kallo.

Makon jiya na je na tambaye shi ko za a iya mayar da sunanka. Ya ce an rufe tun ranar goma, yanzu ko ni ko babu kowa. Kada ka yaba mini a kan wannan. Sai da na tabbatar an rufe sannan na je na tambaya.

Ba roƙonka nake yi ba. In ba ka buga hatimin ba, zan ce wa mutane ni na janye. In kuma ka kifa shi, don na san tunanin ya zo maka, ba zan ce uffan ba. Na ci abin da aka dafa dominka, ina sane, kuma ban iya cewa na yi nadama ba. Abin da ba na so shi ne ka buga shi kana zaton wawa ne ya tsinci dami a kala.

Harue ta gaya wa 'yata kana ƙorafin awarar kanti. Kullum da safe ina ajiye maka biyu a ruwa, da rana in sayar.

Ka huta lafiya. Ina neman afuwar tsawon magana.

Mikuriya Sadao


Uwajima, 24 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ga wasiƙar Sadao nan na haɗo miki, ki karanta ki dawo mini da ita.

Kin ga mutum? Ashe ya sani! Da bai sani ba da tuni na yafe masa, in ce rabo ne. Amma yana kallo aka zuba abincina a kwanonsa, ya sa hannu, sannan ya rubuto ya gaya mini ya yi daɗi.

Na sauko da hoton daga bango na sa tabarau. Gwiwar tana nan. Shekara goma sha bakwai tana ɗakin baƙina, na nuna wa mutane hoton nan ya fi sau ɗari, ban taɓa ganinta ba. Na kuma tuna dunƙulen shinkafa uku na ci a makarantar nan, ina tsaye ina ba da umarni, ban ko dubi hannun da ya miƙo mini ba. Ga amsar tambayarki, sai ki huta.

Kada ki ɗauka na huce. Yanzu ma har wasiƙar tasa nake yi wa ƙyashi. Mai awara ya iya rubuta "na so abin," ni da na yi shekara talatin da huɗu ina koya wa yara faɗin gaskiya na kasa.

Takardar tana kan tebur, hatimi yana gefenta. Saura kwana huɗu.

Ƙanenki,
Tokuji


Uwajima, 27 ga Fabrairu

Sadao,

Ina gaisuwa. Na ga furen, bana ya yi kyau.

Yau da safe na kai wa Ebihara takardar. Ya duba ya ce, "Kwamanda, hatimin ya ɗan karkata wajen sunan Mikuriya, ko za ka sake bugawa?" Na ce ya bar shi haka, dattawa za su karanta.

Ni ma na so lambar nan. Na so ta ƙwarai, har yanzu ina sonta, kuma ban yi maka alkawarin fuskata za ta yi kyau ranar da zan maƙala maka ita ba.

Runduna za ta kafa sansani a Matsuyama ranar bikin. Kai ba za ka shiga hayaƙi da sabuwar riga ba, don haka na ce ni zan dafa wa yara abincin rana. Gobe zan biyo ta layinku in karɓi awarata, ka nuna mini yadda kake auna ruwan shinkafa. Shekara talatin da ɗaya ina ci, ban taɓa tambaya ba.

Kada ka tsaya yi mini kawaici. Sau ɗaya zan roƙa.

Abokinka,
Toku